Tambaya kan lissafin ciwon daji a ƙananan hukumomin Kaduna

Masana ƙididdigar lafiya, don Allah ku taimaka. Muna lissafin sabbin masu ciwon daji cikin kowane mutum 100,000 a ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, daga bayanan asibitocin Zariya. Zariya da Sabon Gari sun yi sama sosai, Birnin Gwari kuwa kamar babu cutar. Ban yarda da wannan ba: mai jinya daga ƙauye yakan ba da adireshin ɗan'uwan da ya sauka wurinsa, wasu ma ba sa isowa asibiti. Ga shi yawan jama'ar da muke rabawa da shi hasashe ne daga ƙidayar 2006. Yaya ake gyara matsalar adireshin? Inda masu cutar ba su da yawa, mu haɗa shekara 5 wuri guda, ko mu haɗe ƙananan hukumomi maƙwabta?