Silsilar malamai a busa ƙahon kiɗan Turai

Tambaya daga Sagir: Assalamu alaikum. Shin masu busa ƙahon tagulla na kiɗan Turai suna da silsilar malamai da za a iya bi, ko kowa da kansa ya koya?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Suna da ita, kuma tushenta sananne ne. A birnin Dresden na Jamus, wajen 1750, Anton Hampel ya inganta dabarar cusa hannun dama cikin bakin ƙahon domin fitar da sautukan da ƙahon ba ya bayarwa da kansa, sannan ya koyar da ita ga Giovanni Punto, wanda Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya tsara wa kiɗa a 1800.

Hajiya Rabi: Malam, a ƙara da Faransa. Malamin busa ƙaho Dauprat ya koyar da Gallay, wanda ya gaji kujerarsa a makarantar kiɗa ta Paris a 1842.

Malam Habu: Gaskiya ne, Hajiya. Wadda ta fi taɓa zuciyata ita ce ta Ingila, inda Aubrey Brain ya koyar da ɗansa Dennis, wanda hatsarin mota ya ɗauke a 1957 yana da shekara 36 kacal.