Don Allah a taimaka, fulawata mai yaɗo tana ta zubar da ganye

Amaryar Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, hankalina a tashe yake. Ina da fulawa mai yaɗo, wadda ake ce wa potos, mai ganye siffar zuciya, kore da ratsin ruwan ɗorawa. Gwaggona ce ta yanko min reshe daga tata a Kaduna lokacin bikina, ita ma wajen uwar ɗakinta ta samo tun tana aiki. Gwaggon ta rasu bara da azumi, shi ya sa abin yake ci min rai. Da damina fulawar nan har saman labule ta kai, na buga ƙusoshi na ɗaura mata zare, duk baƙon da ya shigo falo sai ya yi magana. Uwar mijina kuwa tun ranar da ta fara ganinta ta ce ciyawa ba ta kwana a ɗaki, wai maciji take kira, har ta sa maigidan ya yi min faɗa, shi kuma ba ya iya musa mata. To tun da hunturun nan ya kankama ganyen ƙasa yake yin rawaya yana faɗuwa, bakin wasu kuma ya bushe. Kuma wallahi kullum da safe sai na ba ta ruwa, ko ranar da muka saya wajen ɗan garuwa ba na hana ta. In ta mutu uwar mijina za ta ce da ma ta faɗa. Yaya zan yi?

Hajiyar Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan gwaggo. Ƙanwata, yunwa ce ke damunta, ba komai ba. Tun kafin a haife ki nake shuka, ban taɓa ganin abin da ya rayu ba rana ba taki ba. Fito da ita tsakar gida ta sha rana, ki samo kashin kaji ki zuba mata, ki ƙara ruwa tunda iskar nan busar da komai take yi. Za ki dawo ki yi min godiya.

Malamin Gona Samaru:
Allah ya ƙara girma Hajiya, amma a wannan karon ban bi ki ba. Potos ba zogale ba ce. Asalinta daga tsibirin Mo'orea ne a tekun Fasifik, a gindin manyan itatuwa take tsirowa ta hau su cikin inuwa. In aka ajiye ta a tsakar gida a ranar Zariya, ganyen zai ƙone ya yi tabo. Haske take so, kusa da taga, ba rana tsagwaronta ba. Ni ruwan nake zargi. Da sanyi girmanta yana raguwa, shan ruwanta ma haka, sai saiwa ta zauna cikin laima ta rasa iska ta fara ruɓa, alamar farko kuma ita ce rawayar ganyen ƙasa. Bushewar bakin ganye kuwa busasshiyar iskar hunturu ce. Malama, a cikin me take? Akwai huji a gindinsa?

Amaryar Hanwa:
A bokitin fenti take, na wanke shi tas. Ba huji gaskiya, ai kan kafet take, in ruwa ya zuba wani surutun ne. Amma na sa tsakuwa a ƙasa, haka gwaggo take yi tata kuma ba ta taɓa mutuwa ba. Ruwan ma kofi ɗaya ne kawai. Ƙasar daga bayan gidanmu na ɗebo.

Maman 'Yan Biyu Gyallesu:
Tabɗi, ke har kin samu ruwan ba fulawa. Mu nan famfo sai dai ado, rijiyarmu kafin bazara ta riga ta ja, yara su dawo makaranta su ɗauki jarka. Ruwan wankin shinkafa nake tara wa ɗan na'ana'ata, shi ma sai an yi rigima.

Uwargida Kongo:
Ni batun uwar mijin ne ya tsaya min. Tawa ranar da na tafi suna Sabon Gari ta sa almajiri ya tuge min lalle da zogale, wai suna tara sauro. Na dawo na tarar da fili fetal, maigidan ya ce in yi haƙuri. Ki dinga kulle falonki in za ki fita, wannan ce shawarata.

Hajiyar Tudun Wada:
Ku dai 'yan boko komai sai kun kai shi tekun wani wuri. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gwandata da lemona da kashin kaji na raine su, ku zo ku gani. In amarya ta ga dama ta haɗa da toka.

Malamin Gona Samaru:
Hajiya, gwandarki a ƙasa take, taki yana da inda zai bi. Ɗanyen kashin kaji a bokiti marar huji, kan saiwar da ta riga ta jikkata, ƙarasa ta zai yi. Malama, tsakuwa ba ta fitar da ruwa, taruwa yake a ƙarƙashinta, jar ƙasarmu kuma riƙe laima take yi. Ki zazzage bokitin ki duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana narkewa a yatsa, tana wari. Ki datse baƙar, ki huda bokitin da ƙusa mai zafi ki ɗora a kan faranti, ko ki sayi tukunyar ƙasa mai huji. Ki haɗa ƙasa da yashin rafi da ɗan buntun shinkafa. Ruwa kuma sai kin tura yatsa kin ji sama ya bushe. Abu mafi muhimmanci, yau ɗin nan ki yanki reshe biyu ƙasa da gaɓa, inda za ki ga ɗan tsiro launin ƙasa, ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kwalbar ruwa, kina canja ruwan duk mako. Cikin mako 2 zuwa 4 za ki ga saiwa. Ko uwar ta tafi, irin gwaggo yana hannunki.

Nas Tudun Jukun:
Ban ji wanda ya faɗi wannan ba: in akwai yaro mai rarrafe a gidan a kula da ganyen da ke faɗuwa. Yana ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet, in yaro ya tauna bakinsa zai yi raɗaɗi ya kumbura, yawu ya yi ta zuba. Mage ma haka.

Amaryar Hanwa:
Anti Nas rufa min asiri, kada wannan ya kai kunnen uwar mijina. Ba mu da yaro tukuna. Malam na gode, amma ni ba zan iya sa wa fulawar nan wuƙa ba, tsawonta ne kyanta, kuma ina tsoron in zazzage ta ta ƙarasa a hannuna. Da damina ma haka nake ba ta ruwa ba abin da ya same ta. Zan dai koma kwana bibbiyu, in sa mata taki ɗan kaɗan kamar yadda Hajiya ta ce.

Baban Yara Kwangila:
Kin duba bayan ganyen? Tawa wani farin ƙwaro mai kama da auduga ne ya maƙale a gaɓoɓinta. Da ruwan sabulu da tsumma na bi su, na fesa jiƙon darbejiya. Ƙurar hunturu ma ki dinga goge ta.

Hajiyar Tudun Wada:
Yauwa ƙanwata. Ki turo yaro gobe bayan la'asar, ina da rabin buhu.

Malamin Gona Samaru:
Ko ba komai a huda bokitin. An huda?

Maman 'Yan Biyu Gyallesu:
In dai za a yanka a ajiye min reshe ɗaya, tunda an ce a kwalba ma tana rayuwa.