Murjanina yana zubar da nama daga gindi, ku taimaka

Jama'a masu kiwon murjani mai rai (halittar teku) a tankin ruwan gishiri, don Allah ku ba ni shawara. Sati biyu ke nan Acropora ɗina (wani nau'in murjani mai rassa) yana zubar da nama daga gindi zuwa sama, farin ƙashi sai ƙara bayyana yake yi kullum.

Ga awon ruwan tankin: gishiri 1.025, zafi digiri 26, kalsiyam 420. Alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana tsami ya yi yawa) ne ya tashi daga 7 zuwa 10 bayan na canja irin gishirin da nake haɗa ruwan da shi, shi nake zargi. Na tsoma murjanin a ruwan aidin don fitar da ƙwari, ban ga ƙwaro ba.

In yanke rassan da suke lafiya in dasa daban, ko in jira? Kuma yaya zan sauko da alkalinitin ba tare da sauran murjanin da ke tankin sun lalace ba?