Daidaita kan injin milin (injin yankan ƙarfe): abin da aka tattauna kan yadda za a saita kan injin ya tsaya daidai a kan teburinsa ba tare da karkata ba

1. An haɗu a kan cewa agogon awo (ma'auni mai allura da ke nuna ɗan bambancin tsayi) da aka ɗaura a sandar juyi (sandar da ke juya abin yanka) shi ne ya fi. A juya shi da hannu ya zagaya tebur, a duba hagu da dama, sannan gaba da baya.

2. A goge teburin tas. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya ɓata awo.

3. A sassauta notunan da ke riƙe kan injin kaɗan kawai, kada kan ya rinjaya. Bayan ɗaurewa a sake aunawa, domin yakan goce. Wannan kam ni ma na gani da idona.

4. An rabu kan na'ura mai agogo 2: wasu sun yaba saurinta, wasu sun ce agogo guda mai faɗin zagaye ya fi gaskiya.

5. Sikwaya (ma'aunin kusurwa) ta awon farko ce kawai.