Katun ɗin zamaninmu da yaran yanzu

Daren Asabar muna wajen ataya a unguwar Nima da ke Accra sai hira ta kai mu kan katun ɗin da muka kalla muna yara, lokacin GBC, gidan tibin gwamnatin Ghana, ce kawai tasharmu, kafin TV3 ta zo a 1997. Gida ɗaya ke da tibi a layinmu, baƙi da fari, mu cika ɗakin maƙil wasu na leƙe ta taga, wallahi har yau in na tuna sai in ji kewa ta kama ni.

Babban yayanmu ya ce in kana so yaranka su ɗanɗani abin da muka ji kar ka miƙa musu waya ka tafi, ka sa musu a tibi ku zauna tare, kuma ka fara da Tom and Jerry tunda kusan ba magana a ciki, ko yaron da bai jin Turanci zai bi labarin. Wani ya ce a yanka lokaci, bayan an taso makaranta, awa ɗaya ta isa, don jiran da muke yi shi ne rabin daɗin, wannan kam na yarda da shi sosai.

An kuma ce uba ya fara kalla shi kaɗai, wasu tsofaffin akwai duka da harbi da yawa. A sauke su a ajiye saboda tsadar data, kuma a kira yaran maƙwabta su zo a kalla tare.