Windows da Ubuntu a haddis ɗaya, wa ya taɓa yi?

Ummi Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nike nema. Ina aji uku a sashen kwamfuta, malaminmu ya ce wannan zangon kowa ya zo da Linux a na'urarshi, kuma mu laftof ɗaya ce gare mu a gida, HP ta hannu, ram giga 8, haddis ɗaya giga 500, Windows 10 ce a kai. Ba ni kaɗai ke amfani da ita ba, Yayana da ita yake zanen katin biki a CorelDRAW, wani lokacin daga nan ake samun na cefane, saboda haka maganar goge Windows ba ta ma taso ba. Na gwada VirtualBox, manhajar da ke kunna Linux a cikin Windows, sai tafiyar hawainiya take, fanka na ta kuka. Giga 180 ya rage babu komai. Nawa zan yanka ma Ubuntu, irin Linux ɗin da nike son sawa a gefen Windows, kuma in yi da kaina ko in kai ma mai gyara?

Abba Linux:
Ki goge Windows kawai ki huta. Tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa ma Windows 10, me za ki ci gaba da yi da ita.

Sadiq Batagarawa:
VirtualBox za ki sa, ba sai kin taɓa haddis ba.

Ummi Ƙofar Marusa:
Yaya Sadiq ai na faɗa a sama na gwada.

Mai Hoto Daura:
Ƙanwata ki tsaya ki ji nawa tukuna. Ni sana'ata ɗaukar hoto, bara ɗan wana ya matsa mani wai a sa mashi Ubuntu a gefen Windows ɗina zai koyi wani abu, na ce tau, na ɗauki laftof na kai wani shago da na saba kai aiki, mai shagon ba ya nan sai yaronshi, ya ce Alhaji minti talatin an gama. Na tafi la'asar na dawo na iske sikirin ya canza kala, na ce ina Windows ɗina, ya ce tana ciki. Muka kashe muka kunna sau biyar babu ita. Ashe wajen da ake zaɓi, maimakon ya danna Install alongside Windows sai ya bar ta a Erase disk, mai goge haddis gaba ɗaya, ya wuce ko karantawa bai yi ba. Hotunan biki uku da ban kai ma masu su ba, an riga an biya ni, da hotunan hawan Sallar shekara huɗu, da na mahaifiyata Allah ya jiƙanta, wanda na ɗauke ta tana zaune bakin ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai, sati biyu kafin ta rasu, shi ne na ƙarshe. Wallahi a bakin shagon na zauna ƙasa. Na kai Kano aka karɓi dubu 40 aka yi kwana biyu ana tono da PhotoRec, manhajar dawo da abin da aka goge, aka fito da dubban hotuna babu suna babu tsari, rabi ba su buɗewa, na Inna kau bai fito ba. Uwar wata amarya har gida ta zo ta faɗa mani maganar da har yau in na tuna sai na ji ɗaci.

Maman Husna:
Innalillahi. Allah ya jiƙan Inna, ya mayar maka da alheri.

Injiniya Ƙofar Kaura:
Allah ya jiƙanta. Amma Alhaji dubu 40 an cuce ka, PhotoRec kyauta ne, ni dubu 10 nike karɓa. Kuma kuskuren shi ne an ci gaba da kunna ta, duk abin da aka rubuta a kan tsoho ya tafi kenan. Ummi ki kawo, dubu 5 zan ɗora maki.

Sadiq Batagarawa:
Dubu 5 a kan Ubuntu? Ni dubu ɗaya da ɗari biyar aka sa mani a bakin makaranta.

Injiniya Ƙofar Kaura:
Irin masu dubu ɗaya da rabin ne suka zaunar da Alhaji ƙasa.

Malama Binta:
Ummi ni da kaina na yi, a irin na'urarki, kuma ba tsafi ba ne. Kafin komai ki kwashe aikin Yayanki kaf zuwa wani haddis na waje ko da aro ne, ki buɗe ki tabbatar sun kwafu. Ki rubuta msinfo32 a wajen bincike na Windows ki duba BIOS Mode, in UEFI ce ki zaɓi GPT a Rufus, manhajar da ake ɗora Ubuntu a filash da ita, in kika sa Windows da Ubuntu a tsari daban-daban ɗaya ba za ta ga ɗaya ba. In Legacy ce a kan MBR ki ƙirga yankan da ke akwai, manya huɗu kawai yake ɗauka, nan na sha wuya. Ki kashe Fast Startup, in akwai BitLocker, makullin haddis na Windows, ki rubuta lambobin buɗe shi 48 a takarda sannan ki cire shi. Ki rage yankin C daga cikin Windows a Disk Management, kar ki bar ma kowa wannan. Ubuntu 24.04 giga 25 suka ce, ni 60 na ba ta kuma ta cika mani, ke ki ba ta 80. Filash mai giga 8, F9 za ki danna in na'urar tana tashi don ki zaɓi filash ɗin.

Abba Linux:
Linux Mint ta fi Ubuntu sauƙi, Anti ba ki san Mint ba ne.

Malama Binta:
Abba shekara nawa kana yi? Yarinya ta ce Yayanta na cin abinci da Windows ka ce ta goge.

Injiniya Ƙofar Kaura:
Malama na'ura ɗaya kika yi, ni na yi sun fi ƙirga. Karatun aji daban, shago daban.

Mai Hoto Daura:
Shi ma wanda ya kashe ni shago gare shi.

Haruna Gobarau:
Babu wanda ya faɗa mata maganar agogo. In ka fito daga Ubuntu ka shiga Windows sai ka ga ta koma baya da awa ɗaya, don Linux lokacin UTC, wato agogon GMT, take ajewa mu kau muna gaba da awa guda. Haka na makara laccar ƙarfe takwas.

Sadiq Batagarawa:
Haruna ji tsoron Allah, tun kafin a ƙirƙiri Ubuntu kake makara 😂 mutanen Daura kau ko agogon ma ba su dubawa.

Mai Hoto Daura:
Kai dai Bakatsine ba ka rabo da tsokana.

Maman Husna:
Ni wuta nike ji maki. Maigidana yana tsakiyar rage haddis aka ɗauke wuta, batir kau da ma ya mutu, shi kenan ta ƙi tashi. Ƙarshe sabon haddis SSD ya saya dubu 28. In batirinku ba ya riƙewa ki bari sai an tada janareta.

Injiniya Ƙofar Kaura:
Dubu 28 yaushe? Mai giga 256 mai kyau ba ƙasa da 35, sai dai jabu.

Haruna Gobarau:
Jabun ai a shagunanku ake sa mana. Na kai tawa gyaran madannai da ram giga 8, na dawo gida bayan sati na lura 4 ta koma, na je mutumin ya rantse haka na kawo ta.

Maman Husna:
Ni caja ta asali aka musanya mani da wata mai zafi kamar dutsen guga.

Injiniya Ƙofar Kaura:
Kar ku haɗa mu duka. Ku ma nawa ne ke aje na'ura wata shida ba ku biya ba?

Ummi Ƙofar Marusa:
Anti Binta na duba, Legacy ta nuna, kuma yanka huɗu na gani. Yanzu ya zan yi?

Haruna Gobarau:
Ni dai daga yau ko sukuru za a kwance, a gabana za a kwance shi, sai na sa ma ram ɗina alama da jan farce tukuna.