Kwamfuta uku, sikirin ɗaya: na'urar KVM ko shiga daga nesa?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfuta uku gare ni: biyu masu Windows, ɗaya mai Linux da nake ajiyar fayiloli a ciki. Na gaji da cire wayar madannai da linzami ina sokawa nan da can. In sayi na'urar KVM ne (mai haɗa kwamfutoci da yawa da sikirin, madannai da linzami ɗaya), ko Remote Desktop (manhajar shiga kwamfuta daga nesa) ta wadatar? Aikina gyaran bidiyo ne.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda bidiyo ne, sayi KVM. Ta manhaja irin Remote Desktop, sai an matse hoton kafin ya bi layin sadarwa, launi yakan canza, motsi kuma yana jinkiri. Sannan ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, manhaja ba za ta nuna maka BIOS (shafin saitin kwamfuta kafin Windows ta tashi) ba. Sai dai ka duba abu biyu: idan sikirinka 4K ne a 60Hz, nemi mai HDMI 2.0, kuma mai riƙe bayanin EDID (bayanin da sikirin ke ba kwamfuta game da kansa). Tawa ta farko ba ta da shi, duk sauyawa sai tagogina su watse. Na sha wuya sosai.

Amsa ta 2:
Ta Linux ɗin ba ta buƙatar sikirin ko kaɗan, SSH (hanyar ba ta umarni a rubuce daga wata kwamfutar) ya ishe ka. KVM mai kafa biyu kawai za ka nema. Ka sani kuma Windows Home ba ta karɓar Remote Desktop, sai Pro.

Amsa ta 3:
In za ka yi amfani da Remote Desktop, don Allah kar ka buɗe ƙofarta ta 3389 ga intanet kai tsaye, bi ta VPN (amintacciyar hanyar sadarwa ta sirri).

Mai tambaya:
Na gode. Duka biyun Home ne, KVM ɗin zan saya.